Gida da Gona: Daga Ina Funfuna Take Fitowa?

A wannan wata gyaɗa tana fita daga ƙasa, masara tana shiga buhu, amma a wurare da yawa ruwan sama bai ɗauke sarai ba tukuna, raɓa kuma tana sauka kowace safiya. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan baƙuwar nan wadda ba a gayyatarta, amma ba gidan da ba ta taɓa sauka ba, watau funfuna, wadda waɗansu suke ce da ita hunhuna.

Idan aka tambayi uwargida abin da ya sa tuwon da aka manta a ƙwarya ya yi gashi, za ta ce danshi ne. Maigida kuma, idan ya kwance buhun masara ya tarar ta dunƙule ta yi kore, zai ce ɗakin ne yake da laima. Dukansu sun faɗi gaskiya, amma rabinta. Funfuna abu ce mai rai, tana da irinta kamar yadda ciyawa take da nata. Kowane manomi ya san irin ciyawa yana kwance cikin ƙasa tun rani, ruwan fari ne yake tashinsa. Haka irin funfuna yake. Yana kan gyaɗarmu tun tana gona, yana jikin buhu, yana cikin ƙurar ɗaki, yana cikin iskar da muke shaƙa, barci kawai yake yi.

Wanda ya fara nuna wannan a fili wani masanin tsire-tsire ne mutumin Italiya, sunansa Pier Antonio Micheli. Ya ɗebi ƙurar funfuna ya barbaɗa a kan 'ya'yan itace da ya yanka, sai ya ga irin wadda ya shuka ita ce take fitowa. Ya buga wannan a littafinsa a shekarar 1729. Shi ne kuma ya raɗa wa wani babban dangin funfuna suna Aspergillus, gama sa'ad da ya dube ta a madubi mai ƙara girman abu, sai ya ga kanta ya yi kama da sandan nan da firistocin Katolika suke yayyafa ruwa da shi a majami'a. Har yau masana da sunan nan suke kiranta. Ku riƙe shi, gama wadda ta fi damun gyaɗa da masara a ƙasarmu 'yar dangin nan ce.

Funfuna ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta kuma iya yi wa kanta abinci da hasken rana. Masana ba sa lissafta ta cikin itatuwa ko dabbobi. Danginta dabam ne, su ne su naman kaza da yistin da ake kwaɓa burodi da shi. Jikinta duka zare ne, siriri kamar yanar gizo, yana tsawo daga baki, yana rassa, yana kutsawa cikin abin da ya samu. Mu mukan haɗiye abinci sa'an nan ciki ya narkar da shi. Ita kuwa sai ta zubo ruwan narkarwa a waje, abincin ya narke tukuna, sa'an nan ta tsotse. Shi ya sa abin da ta kama yakan yi laushi, ya canja wari. A kwana ɗaya ko biyu na farko ba mai ganin kome. Aikin duka a ɓoye ake yinsa, cikin ƙwayar hatsi ko cikin tuwo.

To, yaya take yin iri? A nan ne abin mamakin yake. Mun san namijin gwanda ba ya 'ya'ya, macen ma galibi sai da taimakonsa. Funfuna tana da hanyar da ba ta bukatar wannan ko kaɗan, ba namiji, ba mace, ba barbara. Zare ɗaya tak ya isa. Ya fi kama da yadda muke shuka rogo ko rake: a sari kara a binne, abin da ya fito daidai yake da uwarsa. Yawancinsu suna da hanyar barbara kuma, amma ba kullum suke binta ba. Ita wadda take kama gyaɗa, sai a shekarar 2009 masana suka ga barbararta da idonsu. Abin da yake cika ɗakunan ajiyarmu kuwa, irin nan ne marar barbara.

Ga yadda abin yake tafiya a dangin Aspergillus. Zaren ba ya yin iri tun yana ƙarami, sai ya yi wajen kwana guda yana ci. Sa'an nan inda ya leƙo ya sadu da iska, wani gaɓa nasa yakan yi kauri, ya miƙa kara sama, tsawonsa da ƙyar ya kai milimita ɗaya. Kan karan ya kumbura kamar kan kulki. Kewaye da kumburin sai waɗansu 'yan abubuwa masu siffar kwalba su jeru, bakin kowace yana duban waje. Daga bakin kwalbar nan ƙwayar iri takan ɓullo. Kafin ta faɗi sai wata ta ɓullo a ƙarƙashinta ta tura ta gaba, wata kuma ta biyo, har su zama dogon jeri kamar tsakiya a zare. Babbar ita ce a can ƙarshe, 'yar autar tana bakin kwalba. Kara ɗaya yakan ɗauki ƙwayoyi dubbai, ga karan kuwa ba iyaka. Ƙwayar irin wadda take kama gyaɗa, idan aka jera 200 zuwa 300 sahu guda, ba za su wuce milimita ɗaya ba.

Launin da muke gani na ƙwayoyin nan ne. Zaren kansa fari ne, ko kuwa ba shi da launi. Baƙar ƙurar nan da ake samu a ƙarƙashin ɓawon albasa, irin wata Aspergillus ce. Koren da yakan rufe lemon da ya daɗe a kwando, na wani dangi ne mai suna Penicillium, wanda karansa ya yi kama da ɗan tsintsiya. Mai ruwan ɗorawa da kore a kan gyaɗa da masara kuwa, ita ce Aspergillus flavus. Akwai kuma mai dogon gashi wadda takan kama burodi da dafaffen dankali. Ita ba ta jera irinta. Takan ɗura shi cikin 'yar jaka a kan kara, jakar ta yi baƙi kamar kan allura, har mai lafiyar ido yana iya ganinta, in ta nuna sai ta fashe.

Abin lura a nan shi ne, ran da muka ga launi, funfuna ta riga ta ci, ta ƙoshi, ta haihu. Uwargida wadda takan kankare saman tuwo ko ta yanke gefen burodi ta ba yara sauran, furen kawai ta cire. Zaren ya riga ya yi nisa a ciki.

Kowace ƙwayar iri da shirin tafiya take fita. Ɓawonta yana da kauri, launinsa yana tsare ta daga zafin rana. A bayan ɓawon akwai wata riga wadda ruwa ba ya kama ta, shi ya sa idan aka ɗiga ruwa a kan koren lemo sai ya gangare, ƙurar kuwa iska kaɗan ta isa ta tashe ta. A ciki ta tara guzuri, wani irin sukari wanda yake hana ta lalacewa ko ta bushe ƙayau. Da wannan shiri takan yi watanni tana jira, waɗansu har shekaru. Masana sun ƙiyasta kowannenmu yana shaƙar ɗaruruwansu kowace rana. Jiki mai lafiya yakan share su ba tare da mun sani ba. Amma mai asma, da wanda tarin fuka ya bar masa rami a huhu, da wanda ƙanjamau ko wani dogon ciwo ya raunana, kada a sa su kakkaɓe tsofaffin buhuna ko sharar rumbun da ya yi funfuna, gama akwai wadda takan tsira a cikin huhun irin waɗannan.

Tashinta daga barci ba ya ɗaukar lokaci. Idan ta sauka inda akwai ruwa, da iska, da ɗumi, da ɗan abinci, da fari takan sha ruwa ta kumbura ta kowane gefe, har ta ninka girmanta. Ta narkar da guzurin nan ta fara ci. Sa'an nan sai ta zaɓi gefe ɗaya ta huda, ta fid da tsiro kamar yadda wake yake yi. A wurin da ya yi mata daɗi, tsakanin saukarta da fitowar tsiron bai fi awa 6 zuwa 8 ba. Watau wadda ta sauka a kan jiƙaƙƙiyar masara da magariba, kafin zakara ya yi cara ta tsira. Bayan kwana biyu ko uku ita ma ta fara haihuwa. An kuma lura cewa a waɗansu dangi, idan ƙwayoyin suka cunkushe wuri guda, sukan fid da wani wari wanda yake hana junansu tsira, sai iska ta raba su. Ko su ma ba sa son a zuba iri da yawa a rami ɗaya.

Yanzu sai mu duba abubuwa huɗun nan da take bukata. Abinci, ai shi muka tara mata a rumbu. Ɗumi kuwa, Aspergillus flavus ta fi jin daɗin zafin da ya kai digiri 33 zuwa 37, watau kusan zafin jikin mutum, ƙasarmu kuwa ba ta rasa shi. Iska tana ko'ina, sai ko a buhunan nan masu leda biyu a ciki waɗanda ake ɗaurewa tam. Abin da ya rage a hannun mai gona da uwargida shi ne ruwa. Ba wanda zai iya korar irin daga gidansa, ko da zai yi shara sau goma a yini. Hana shi ruwa kuwa, wannan ana iyawa.

Ba lalle sai an ga ruwa da ido ba. Hatsi yana shan laima daga iska, daga daɓen ƙasa, daga bangon da ya sha damina. Masu binciken aikin gona sun ce masarar ajiya kada danshinta ya wuce kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa kashi 7. Me ya sa na gyaɗa ya yi ƙasa haka? Domin kusan rabinta mai ne, mai kuwa ba ya riƙe ruwa, sai ruwan duka ya taru a sauran rabin. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba. Waɗansu irin funfuna suna iya tsira a hatsin da danshinsa ya ɗan haura kaɗan. Da suka fara ci sai su yi numfashi, numfashinsu ya fid da ruwa da zafi, ƙwari ma haka. Ta haka sukan share wa mai dafin hanya. Idan kun cusa hannu cikin buhu kuka ji ɗumi a tsakiya, ba alamar lafiya ba ce, a zazzage shi a shanya nan da nan.

Mun ambaci dafi. Da ɓarnar funfuna ta tsaya a asarar abinci, da da sauƙi. A shekarar 1960 'ya'yan talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Brazil aka haɗa musu abinci da ita. A cikinta aka gano dafin da zaren Aspergillus flavus yake zubawa, aka sa masa suna afalatoksin. Mutane ma bai bar su ba. A 1974 ya kashe fiye da mutum 100 a yammacin Indiya. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu. Masarar gonarsu ce suka ci, wadda aka girbe cikin ruwa aka ajiye ba ta gama bushewa ba. Ciwon yakan zo da amai, da ciwon ciki, da shawara, gama hanta yake ci.

Irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ba kullum take aukuwa ba. Abin da ya fi damunmu shi ne ɗan kaɗan ɗin da ake ci yau, a ci gobe, shekara da shekaru. Likitocin duniya sun tabbatar afalatoksin yana jawo sankarar hanta, haɗarin kuwa yakan ninku sau da yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta mai lamba B, wanda yake da yawa a cikinmu. Wani bincike da aka yi a Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da dafin ya fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa, yana kuma ƙaruwa sa'ad da aka yaye su suka koma kan kunu. Tafasa ba ta kashe shi, suya ma ba ta gamawa da shi. Wuta takan kashe funfunar, dafin ya zauna. Saniyar da ta ci dusa mai funfuna, ana samunsa a nononta, haka kuma a maman uwa mai shayarwa. Ba kowace funfuna take da dafi ba, amma ido ba ya rarrabewa.

A nan muna da magana da masu sana'ar mai da ƙuli-ƙuli. Al'ada ce a ware gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, fasassun da motsattsun da masu baƙi kuwa a saye su da araha a niƙa, a ce ai in an soya ba mai ganewa. Lalle ba mai ganewa, amma a cikin waɗannan ne dafin ya fi taruwa, ƙulin kuwa 'ya'yanmu ne suke cinsa a hanyar makaranta, shi ake dakawa a yaji, shi ake zubawa a kwaɗo. Mun sani ba abu mai sauƙi ba ne a ce wa mai ƙaramin jari ta zubar da abin da ta saya da kuɗinta. Duk da haka, a ganinmu ribar nan ba ta kai abin da ake biya ba. Kaji da awaki ma kada a zuba musu. A binne, ko a ƙone.

Sau da yawa cutar tun a gona take shiga. Idan ruwa ya yanke makonni kaɗan kafin cirar gyaɗa, ƙasa ta yi zafi, itacen ya galabaita, kwanson yakan tsage, irin da yake cikin ƙasa ya sami ƙofa. Haka inda gara ta ci, ko tsutsa ta huda masara, ko fartanya ta sari gyaɗa. To, masana sun sami dabarar kama funfuna da makaminta. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da take Ibadan, tare da ma'aikatar gona ta Amurka, sun tace Aspergillus flavus iri huɗu daga ƙasar Nijeriya waɗanda ba sa yin dafi sam. Sukan shafa ƙwayoyin irinsu a kan dawar da aka gasa don kada ta tsira, a rina ta shuɗi don kada a ci. Sunan abin Aflasafe, hukumar NAFDAC ta yi masa rajista a 2014. Manomi yakan watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu ko uku kafin amfanin ya yi fure, sa'ad da ƙasa take da laima. Dawar ta sha ruwa, irin ya farka, ya tsira, ya miƙa karansa, ya cika gonar da 'ya'yansa. Da yake haihuwar ba ta barbara ba ce, 'ya'yan ma ba su da dafi, kamar uwarsu. Kafin mai dafin ta iso an riga an kama wurin. A gonakin da aka gwada, dafin ya ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Wanda bai yi bana ba, sai ya tambayi malamin gona kafin damina mai zuwa.

Na bana kuwa, abin da ya rage shi ne shanya da ajiya, kada kuwa kowa ya raina su. A ƙasar Gini an gwada wannan a ƙauyuka 20. Rabinsu aka koya musu tsince gyaɗa da hannu, da shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, da busarwa sosai, da zubawa a buhun algarara a ɗora bisa katako, da maganin ƙwari. Bayan wata 5 aka auna jinin mutane, sai aka tarar dafin da yake jikinsu bai kai rabin na sauran ƙauyukan ba. An buga wannan a 2005. Ba inji a ciki, ba wani abu mai tsada. Mu ƙara da cewa a kwashe shanya kafin raɓa, kada a tara ɗanyar gyaɗa tsibi a rufe da leda, kada kuma a yayyafa mata ruwa don ta yi saukin ɓarewa ko ta ƙara nauyi. Buhu kada ya jingina da bango. Masu kula da hatsin baikon godiya a majami'u, da na makarantun kwana, wannan ya shafe ku ƙwarai, gama hatsin gidaje da yawa ne yake haɗuwa a hannunku, buhu ɗaya mai danshi kuwa ya isa ya ɗumama na kusa da shi.

Yaya za a san masara ta bushe? Tsofaffi sukan ciza su ji ta fashe da ƙara, gyaɗa kuma a girgiza a ji tana kaɗawa cikin kwanso. Ga wata hanya kuma. A sami busasshiyar kwalba, a zuba masara wajen sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar sarai, a rufe, a girgiza, a ajiye kamar minti 15, a sāke girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa, a koma shanya. Buhu mai leda ma sai hatsi ya bushe ake ɗaure shi.

Yara, ga naku aikin. Ku yanki tuwo gida biyu, sirara. Ɗaya ku shanya shi a rana har ya yi ƙarau, ɗayan ku bar shi yadda yake. Ku bar su duka a fili kamar awa ɗaya, sa'an nan ku sa kowanne a kwalbarsa ku rufe, ku ajiye a inuwa. Kowace safiya ku duba ta jikin kwalba, ku rubuta ranar da farin gashi ya fara fitowa, da ranar da launi ya bayyana, da irin launin. Kada ku buɗe, kada ku sansana. Bayan mako guda ku ba Baba ya binne. Ku rubuto mana abin da kuka gani, za mu buga waɗansu wasiƙun a wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, sa'ad da za mu duba ƙwarin da suke cin wake a rumbu.